Ɓauren Gonar Rafi

Daga Beli, Ƙaramar Hukumar Rogo.

Zuwa ga ƙanena Zaharaddini, a Istanbul.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da abokan zamanka. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya sa ka gama lafiya, ya dawo mana da kai da ƙafarka. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yanzu yana takawa masallaci da sandarsa, ba sai na ɗora shi a babur ba. Inno ta warware daga tarin nan, har ta koma faɗa, ka san kuwa alamar lafiyarta ke nan. Matata Munawwara da yaran duk ƙalau. Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Sau uku ina ɗaukar murya a waya ina gogewa, domin muryata tana tona ni. Shi ya sa na zauna na rubuta, ƙanwarmu Ikilima za ta ɗauki hotonsa ta turo maka, na kuma sa ta rantse ba za ta karanta ba.

Maganar a kan saƙon muryar nan ne da ka aiko wa Baba, wanda ka fassara masa laccar da ka yi a makarantarku game da sunan ɓaure a harsunan duniya. Ni dai na ji shi ya fi sau talatin, ba don na nema ba. Baba ya mayar da shi abin tarbar baƙi. Duk wanda ya yi sallama, kafin a kawo masa ruwa an kunna masa muryarka. Har na haddace: Larabawa suna cewa tin, kuma kalmar tana da 'yar'uwa a Ibrananci, Turkawa suna cewa injir, aro suka yi daga Farisawa, har Indiya ma sunan ya kai, na Turawan Ingila kuwa daga fikus na tsoffin Rumawa ya gangaro. Da an zo nan sai Baba ya ɗaga hannu a yi shiru, ya maimaita fikus da bakinsa, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. A majalisar ƙofar gida yanzu ba wanda yake kiranka Zaharaddini, Dakta ake cewa, alhali ni na san ko jarrabawar ƙarshe ba ka yi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake ji, kuma ya dame ni fiye da yadda na zata. Na yi ta istigfari, bai tafi ba. Kai ma shaida ne ni na riga ka sanin tin a Alƙur'ani, ni na riƙe hannunka a kan allo. Da ƙafar Baba ta kwantar da shi a shekarar da na gama sakandare, wani ya zama dole ya riƙe garma, kuma ni ne babba. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba shi nake yi ba. Amma da na ji ka zo kan Fulatanci ka ce ibbe, ka ce wai ka samo shi daga bakin makiyaya a ƙasarmu, sai da na tashi na bar wurin. Wane makiyayi ka taɓa zama da shi, kai da ko akuya ta yi maka atishawa sai ka koma bayan Inno? Ni na faɗa maka, muna kan hanyar Tudun Kaya, shekarar da ka zo hutu. Ni na nuna maka bambancin ɓaure da gamji da durumi da cediya da kawuri, na ce duk dangi ɗaya ne, ka duba farin ruwan da suke zubarwa in an karya ganye. Ka rubuta a ɗan littafinka kana ta jinjina kai. Da ka ce yayana Barau ne ya gaya mini, da bai rage maka komai ba, ni kuwa da ya ishe ni shekara guda.

To, duk wannan zan iya haɗiye shi, na saba. Abin da ba zai haɗiyu ba shi ne wanda ya biyo baya. A ƙarshen saƙon ka ce ɓaurenmu ɗan'uwan tin ne amma ba shi ba ne. Baba bai ji kalmar ɗan'uwa ba, abin da ya ji kawai shi ne wai ba shi ba ne. Ya ce ashe shekara saba'in yana zaune da na bogi. Ka tuna busasshen tin ɗin da ka aiko ta hannun Alhaji Abdulmutalib? Mu muka ci namu, shi ya ɓoye guda biyu, ya jiƙa, ya tsince 'ya'yan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya shuka a gwangwanayen madara a bayan ɗakinsa. Uku sun tsiro. Yanzu tsayinsu bai wuce ɗan yatsa ba, amma ya yi musu rumfar kara, da kansa yake ba su ruwa safe da yamma, ya hana kaji sakat. Ni ban taɓa ganin ya yi wa jikokinsa wannan hidimar ba.

Makon jiya ya kira ni ya ce ya yanke shawara. Za a sare ɓauren gonar rafi a dasa na Dakta a gurbinsa, domin nan ne kaɗai ƙasarmu take riƙe laima har tsakiyar rani, kuma ya ce abu mai daraja ba zai zauna a inuwar na banza ba. Ya riga ya yi magana da wani mai injin zarto daga Ƙaraye, zai zo ranar Asabar da hantsi. Na roƙe shi. Na ce masa wannan ɓauren shi ne abincin shanun huɗarmu da awakin Inno daga yanzu har ruwa ya sauka, in babu ganyensa sai dai mu sayar da sa ɗaya. Na ce masa amyata huɗu suna rataye a kai, kuma zuman da yake sha da safe daga can yake fitowa. Na ce masa tsiron nan na ƙasar sanyi ne, ba mu san ko zai jure ranarmu ba, ko ya jure ma ba mu san ko zai yi 'ya'ya ba, a dasa shi a gefe a gani tukuna. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya tambaye ni ko na taɓa zuwa Turkiyya. Na ce a'a. Ya ce to, mai ilimi ya yi magana, ni in je in nemi wurin da zan mayar da amyata.

Zaharaddini, a gaban Munawwara ya faɗi wannan. Shekarata arba'in da uku, amma ranar na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Shekara ashirin da biyar ina noma wannan gonar. Na san reshen da yake fara 'ya'ya, na san lokacin da ake ɓare su a hure ƙwarin ciki a ci, na san inda saiwarsa ta bi don kada garma ta kama. Duk azahar ɗin damina a ƙarƙashinsa na yi sallarta. Kai ka san sunansa a harsuna goma sha, ni shi kansa na sani, amma a gidan nan sunan ne yake da nauyi. Na je wurin Inno, ta ce in ƙyale tsoho da abinsa, ta daɗe da daina jayayya da shi a kan ka. Na je wurin Kawu Sulle, ya zo ya zauna da niyyar magana, aka kunna masa saƙonka, ya tafi yana sa maka albarka. Ban ga laifinsa ba, murya gare ka mai daɗi, tun kana yaro haka kake.

Na san ba da nufi ka yi ba. Na san kana can kana fama da sanyi da abincin da ba ka saba ba, kuma ka aiko saƙon ne don ka faranta wa tsoho rai. Ka faranta masa kuwa, rabon da in ga yana dariya haka tun kafin ciwon ƙafarsa. Wannan ma yana cikin abin da yake cina, domin ni da nake wanke masa ƙafar ban taɓa samun wannan dariyar ba. Na faɗa maka ne don na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai, kuma in ba kai ba wa zan gaya wa.

Inno tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hula saboda sanyi. Munawwara tana gaishe ka, ita da yara. Ikilima da mijinta Lukumanu daga Yammedi suna gaisuwa, haka ma Kawu Sulle da Gwaggo Tani. Ka gaishe mini da abokin ɗakinka da ka ce yana taimakonka da harshen ƙasar, Allah ya saka masa da alheri.

Abin da nake nema a wurinka guda ɗaya ne, kuma Allah ya sani da akwai wata ƙofa, da ban ƙwanƙwasa taka ba. Ka kira Baba kafin Asabar. Ka gaya masa duk abin da na gaya masa: a bar ɓauren, a dasa tsiron a gefe, a ga yadda zai yi da rani. Ba sai ka ƙara komai ba, hujjojin suna nan sama na jera maka. Ka ce a littattafanku ka gani, ko wani malaminku ne ya faɗa. In ya saurare ka, zai fito majalisa ya ce Dakta ya ceci ɓaure, zan zauna a wurin in ce gaskiya ne. Amma don Allah kada sunana ya fito a bakinka. In ya gane maganata ce, zai sare shi.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Barau.