Kyanwar da Ta Hau Murfin Inji

Maman Tulizo,

Ban tashe ki ba, na ga kin gaji. Na koma gidan Dattijo Mgaya kan maganar akori-kurar nan.

Ki yi haƙuri da abin da na yi jiya. Da kika ga kyanwa ta miƙe a kan murfin injin, sai kika ce, “A sanyin Njombe, me zai kai kyanwa kan ƙarfe in ba ɗumi ta ji ba?” Ni kuma na ce, “Mota muka zo saye ko kyanwa?” Har dattijon ya yi dariya. Da yamma yayanki Lutengano ya wanke ni tas a garejinsa. Ya ce tsohon injin dizal da ya sha tafiya haka, da sanyin safiya ake gane lafiyarsa, kuma mai sayarwa yakan ɗumama shi kafin a iso.

Shi ya sa nake so in riga dattijon tashi. In motar ta tashi bugu ɗaya babu farin hayaƙi, zan saya, dankalinki ya daina ruɓewa a bakin gona yana jiran motar haya. In ta ƙi, ba za mu yi asarar kuɗin saniyar da muka sayar ba.

Ki ajiye mini shayi. In kin ji hon, ki fito, kujerar gaba taki ce. In kuwa ƙwanƙwasa ƙofa kika ji, to ke da kyanwa kun yi gaskiya. Ki yi dariyarki a hankali, kada maƙwabta su ji.

Baban Tulizo