Mararraba Lamba Takwas

Kura, Litinin

'Yata Saloma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan ke da maigidanki da jikokina kuna lafiya a Jos. Ni dai ƙafa ce, ita ma da sauƙi.

Saƙo ya iso, amma ba shi na aike ki ba. Cewa na yi ki sayo mini mararraba lamba takwas, dogayen nan da ɗan jirgin ƙasan da nake haɗawa a kan tebur zai sauya layi a kansu sannu a hankali. Sai ga lamba huɗu, gajeru, kwanarsu kamar gwiwar hannu. Na gwada don kar ki ce ban gwada ba. Kan jirgi ya wuce, taragon fasinja ya kife. Haba Saloma! Na tsufa ina juya layi a reluwe ban taɓa kifar da tarago ba, sai yanzu a ɗakina?

Kin rubuta wai in na sa gajerun, teburin zai ƙanƙance har ya shiga bayan mota. Wace motar? Ina za shi?

Babanki,
Hananiya

Kura, Lahadi

'Yata Saloma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarki. Ashe har kin share mini ɗaki a gidanki, wai in an gama yankan shinkafa za ku zo ku kwashe ni da jirgina. Na san tausayi ne, kuma ina ƙaunarki. Amma raina ya ɓaci. Ni ba kwandon tumatir ba ne.

Mamanki na kwance a makabartar Bunkure. Wa zai riƙa cire mata ciyawa? Maƙwabcina Malam Hammadu kullum sai ya leƙo kafin ya tafi ban ruwa, ba ni kaɗai nake ba.

To ki ji. Lamba takwas fili take so, saboda haka ni da Malam Hammadu mun fasa bangon da ke tsakanin ɗakina da sito, mun ƙara katako, mun dasa ƙafafun tebur cikin siminti. Gajerunki na ba direban motar albasa ya kawo miki. Ki aiko dogayen, in kin ƙi in sa maƙeri ya ƙera mini.

Ki kawo yara hutun Kirsimeti su ga jirgi. Teburin yanzu ya fi ƙofar faɗi. Ba ya fita, ni ma haka.

Babanki mai ƙaunarki,
Hananiya