Wasan Haruffan da Rukayya Ta Haɗa Mini

Daren Juma'a, Kuje

Yau 'yata Rukayya ta buɗe mini wasan farko da ta haɗa a intanet, tun tana sakandare. Haruffa na faɗowa daga sama, ina lalubensu a kibod, allon madannan kwamfuta. Da shi na koyi karatu, ina da 'ya'ya huɗu. Sai yau ta faɗa mini cewa a lokacin a ɓoye take rage wa haruffan gudu, don kada in karaya.

Gobe za ta fara koya wa mata haɗa irinsa. Ta ce, "Umma, ke za ki fara bugawa a gabansu."

Na ce, "In hannuna ya yi rawa fa?"

"Nasu ma zai yi."

Na dai yi wa atamfata guga. Ya Allah, kada in kunyata ta.