Bijimin Gagare

Karare, biyar ga Rajab

Daga Sammani zuwa ga yayana Malam Armaya'u a Safana. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Zuwairatu da yara. Yaya ƙafa? Allah ya sa ka rabu da jakin nan mai taurin kai kafin ya karya maka ɗayar. Mu nan lafiya lau, Hansai tana gaishe ku.

Bayan haka, na so wannan ta zama takardar gayyata zuwa saukar ɗalibina Sahabi, Larabar ƙarshen wata. Yanzu ban san ko za a yi ba. Ka tuna shi, yaron da ka saurara bara ka ce ba ka taɓa jin harshe mai kaifi irin nasa ba. Asalinsa ne ba ka sani ba. Kakansa Bamaguje ne na Darini, sunansa Gagare. Uban yaron ya musulunta, ya rasu a harin Maraɗawa, uwar ma ba ta daɗe ba. Tsohon ne ya riƙo hannunsa shekara bakwai da suka wuce, ya ce ɗansa ya bar wasiyya a sa shi karatu. Ɗanjummai ake ce masa, ni na sa masa Sahabi.

Tun daga ranar, kaka ba ta taɓa wucewa tsohon bai kawo damin gero ba. Da yaron ya kai Sabbi ya kawo kaza, da ya kai Yasin ya kawo akuya. Ba wanda ya gaya masa al'adar makaranta, shi ya bi mutane yana tambaya. Bijimin sauka kuwa shekara uku ke nan yana kiwonsa.

Shekaranjiya ya zo jin ranar sauka. Na gama zana allon zayyana, yana jingine a zaure, ga baƙi malamai biyu daga Batsari. Tsohon ya leƙo daga ƙofa, ya miƙa hannu zai shafa. Sahabi ya yi wuf ya janye allon, wai kada ya ɓata shi. Ɗaya baƙon ya tambaya wane ne wannan. Yaron nan ya buɗe bakin da ya karanta izu sittin, ya ce wani baran gidansu ne mai kiwon shanu.

Yaya, sai na ji kamar na haɗiyi ƙuda. Abin da ya fi tayar mini da zuciya, tsohon bai musa ba. Durƙusawa ya yi ya gai da baƙin kamar yadda bara ke yi, ya juya ya tafi. Kwana biyu ban iya duban fuskar yaron ba. Ka ba ni shawara, Ya'u mai kanwa zai biyo ta wajenku ranar Asabar.

Allah ya ƙara maka lafiya. Ƙanenka, Sammani.

Karare, goma sha shida ga Rajab

Zuwa ga Yaya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida. Na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi.

Takardarka ta iso. Ka ce ƙuruciya ce, in yi masa faɗa in ba shi saukarsa, tunda karatu ya cika. Ka yi mini afuwa, ban bi ba. In karatu a harshe kawai yake, ai aku ma sai a yanka masa sa.

Na kira Sahabi na gindaya masa sharaɗi. Ya je Darini ya nemi gafarar kakansa, ranar sauka kuma ya nuna shi gaban jama'a ya faɗi matsayinsa. In ba haka ba, ba allo, ba addu'a. Na zaci zai yi kuka ko ya yi gardama. Kansa a sunkuye, muryarsa a tausashe, ya tambaye ni ko a shekara bakwai na taɓa shimfiɗa wa tsohon tabarma. Ya tuna mini ƙoƙon da ake ba shi ruwa, wanda ake kifewa a gindin rumbu ba a haɗa shi da na gida. Ya tuna mini ranar da yara suka toshe hanci suna cewa ga mai warin giya ya iso, ni kuwa na yi murmushi na ce a ci gaba da karatu. Ya ce shi a nan ya ga yadda ake yi.

Laifi tudu ne, Yaya, na taka nawa ina hangen na yaro. Geron mutumin nan muka ci, akuyarsa muka lashe hannu, amma bai taɓa wuce dokin ƙofata ba. Ina ta wanke allo ina sake rubutu, ashe ni yaran ke karantawa. Yau kaina nake ƙyama fiye da yaron.

Mutanen gari kuwa ba a magana. Kullum sai wani ya zo ban baki, kuma in ka bi zancen sai ka tarar a kan nama ya tsaya. Wani dattijo har da kawo mini fatawa, wai san arne halal ne in Musulmi ya yanka. Bijimin ya yi tsarki, mai shi ne bai yi ba. Tir!

Ban janye sharaɗin ba. Sai dai na gaya wa yaron tare za mu tafi Darini ranar Alhamis, ni zan fara durƙusawa. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanenka, Sammani.

Karare, ashirin da huɗu ga Rajab

Yayana, ina gaisuwa, ina gai da mutanen gida.

Kada ka wahalar da ƙafarka, ba sauka. Ranar Laraba da yamma Sahabi ya bi ayarin fatake zuwa Birnin Katsina. Ya bar saƙo cewa a can akwai malaman da za su ba shi sauka ba tare da tonon asali ba, kuma ban ce ƙarya ya yi ba.

Ni kaɗai na tafi Darini, da allon zayyanar naɗe a rawanina. Na tarar da Gagare yana ba bijimin dusa. Na durƙusa, ya ruɗe yana ta ɗaga ni. Ya shimfiɗa mini buzu, ya ba ni ruwa a ƙoƙonsa na kansa, na shanye. Na roƙi gafara, na gaya masa komai ban rage ba. Da na miƙa masa allon sai ya ɓoye hannuwansa a baya, ya ce yaro ya hana.

Ya tambaye ni ko Ɗanjummai ya ci abinci kafin ya tafi. Sannan ya roƙe ni alfarma ɗaya, ita ce dalilin wannan takarda. In ka san wani amintacce a Safana mai zuwa Birni, ka turo shi. Tsohon yana so a kora wa yaron bijimin, kada a ce jikansa ya yi sauka ba yanka. Ya ce wanda zai kai kada ya faɗi daga inda ya fito.

Allah ya yafe mana, ya bar zumunci. Naka, Sammani.