Gogen Fintan Ya Bar Mashaya

Ballyrone, 10 ga Fabrairu, 1987

Yaya Nuala,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Coventry bai takura miki ba, kuma aikin asibiti da sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta, don da wuta a cikina nake rubutu.

Kin san na ajiye giya a Nuwamba saboda ran Mama, kamar yadda rabin mazan garin nan ke yi wa mamatansu. Wata na ƙarewa kowa ya koma wa kwalba, ni kuwa na zarce. Na samu barci, yatsuna sun daina karkarwa a kan goge, har rufin ɗakin kaji na gyara, wanda ya shekara shida yana yoyo.

Ranar Lahadi bayan coci ina kiɗa a mashayar Malachy Durkan kamar kullum. Malachy dai da kika sani, wanda muka zauna benci ɗaya a firamare. Da hannunsa ya kawo mini lemo, ya ce, "Ga na waliyyinmu, a sha a sa mana albarka." Ƙishi ya kama ni, na kwankwaɗi rabi kafin na ji wiski yana ƙona mini maƙogwaro. Mashaya ta kwashe da dariya. Ya dafa ni ya ce, "Haba mutumina, ai goge ba ya daɗi a bushe!"

Kwana casa'in da tara, Yaya. Wannan Lahadin ce cikon ɗari, kuma ya sani, ni na gaya masa da bakina. Na fita bayan gida na sa yatsa na amayar, ina kuka kamar yaro.

Shekara ashirin gogena ke cika masa gida, ladana kofin giya a kan tebur. Na rantse sai na ga ƙofar nan da kwaɗo.

Ki gaida Maigidan.
Ƙanenki, Fintan

Coventry, 19 ga Fabrairu

Auta,

Na samu taka, mu duk lafiya. Na karanta ta a tsaye duk da gargaɗinka, kuma da Malachy na kusa da ya sha mari.

Amma ka saurare ni. Abin da aka ɗura maka ba ka sani ba ba ya cikin lissafi, kwanakinka suna nan yadda suke. Abin da nake tsoro shi ne fushinka. Na ga irinku da yawa a gadon asibiti: mutum ya bar kwalba lafiya lau, haushin wani ya mayar da shi. Ramin mugunta gajere ake gina shi. Ka bar masa mashayarsa, ka nemi abin yi da yammacinka.

Ka riƙa cin abinci, ba shayi da biskit ba.
Yayarki... kai, ka ga har na ruɗe. Yayarka, Nuala

Ballyrone, 30 ga Agusta

Yaya Nuala,

Ina gaisuwa, kuma ki yafe shirun. Shawararki na bi, na nemi abin yi da yamma, sai dai ba irin wanda kike nufi ba.

Na je wurin Fada, limamin cocinmu, na roƙi zauren coci, wanda ke kallon ƙofar Malachy ido da ido. Juma'a da Lahadi nake kiɗa a can, daidai lokacin da nake yi masa a da. Shayi da burodi kawai ake sha. Matan gari suka fara zuwa rawa, kin kuwa san inda mata suka nufa can maza ke bi, ko suna gunaguni. Mai sarewa da mai ganga da muke kiɗa tare a wurinsa duk sun biyo ni. Da gangan nake buɗe tagogi don sautin ya tsallaka titi.

Baƙin bazara da ke tsayawa wurinsa sun dawo namu. Ranar Lahadi na hango shi a bakin ƙofa, tsumma a kafaɗa, ba kowa a bayansa. Ya ɗaga mini hannu, na juya na ƙara wa kiɗan sauri. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ashe gaskiya ne.

Ko ɗigo ban taɓa ba. Yara bakwai nake koya wa goge ranar Asabar, kuma na sayi takalmin tafiya, kullum da safe sai na taka har bakin teku. An ce Malachy ya rame, wai shi ke shanye abin da ba a saya ba. Ba ruwana.

Naki, Fintan

Ballyrone, 14 ga Oktoba

Fintan,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Rubutu ba sana'ata ba ce, kuma hannun ba ya tsayawa, ka yi haƙuri da karkacewar layin.

Ka ci nasara. Ranar Asabar zan rufe, wani mai sayar da kayan gini zai karɓi wurin. Ba roƙon ka dawo nake ba.

Likita ya duba hantata, ya ce in na ci gaba ba zan ga bazara mai zuwa ba. Na gwada bari sau uku, ban taɓa wuce kwana biyu ba.

Ka san abin da ya sa na zuba maka? Ba don dariya ba ne. Tare muka fara sha muna 'yan shekara goma sha biyar. Muddin kana sha, ni ma ba ni da laifi. Sai ga ka kana shigowa fes, ido garau, kullum kana ƙara kwana ɗaya, ni kuwa ba na iya ɗaure igiyar takalmi sai na kurɓa. Na tsane ka a kan haka. Na so ka faɗo ka same ni a inda nake.

Duk garin nan kai kaɗai na sani da ya fita. Yaya aka yi ka yi?

Malachy

Ballyrone, 16 ga Oktoba

Malachy,

Na samu taka. Ban yafe ba. Ranar Asabar zan tsaya a tagar zaure in ga an sa kwaɗon da idona.

Litinin ƙarfe bakwai na safe ka same ni a ƙofar gida, ka sa takalmi mai ƙwari. Ka fara biyawa wurin likita ya ba ka abin da zai riƙe ka, kwana huɗun farko ba wasa ba ne. Za mu taka har teku mu dawo, gobe ma haka, jibi ma haka.

Kada ka yi mini magana a hanya. Ban huce ba.

Fintan