Awa Sha Huɗu a Sama

Auta,

Gaisuwa da fatan ka koma lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ban tambaye ka a gaban masu gaisuwa ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Kai da bakinka kake cewa daga filin jirginku zuwa namu awa sha huɗu ne a sama, ban da zaman jiran canjin jirgi. Da nisan nan ka yi ta ba ni uzuri duk shekarun da nake jinyar Baba ni kaɗai. To, ranar da ya faɗi a banɗaki, da hantsi na kira ka, wayarka a kashe, na bar maka saƙo. Kafin yamma sai ga ka a ƙofar ɗakin asibiti da jaka. Fukafukai ka yi?

Faɗa mini gaskiya. In a kusa kake zaune ka bar ni da wahala, wallahi ba ni ba kai.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya ji ƙan Baba, ya saka miki da alheri.

Kin manta agogonmu da naku ba ɗaya ba ne. Ga gajiya, ga tashin hankali, lissafi ya ruɗe miki. Don Allah a bar maganar.

Ƙanenki

*

Auta,

Ya aiki? Wato ni za ka raina wa hankali! Agogo yana rage wa jirgi tafiya ne? Da agogon bangon asibiti na ga shigowarka, da shi na kira ka. Kuma tun kana ƙarami, in ka ce a bar magana, akwai abin da ka binne. Wannan ce tambayata ta ƙarshe.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Baba ya ce kada in faɗa miki, amma ba zan rasa ki a kan wannan ba.

Lokacin da kika kira, ina cikin jirgi na biyu. Kwana biyu kafin ya faɗi, Baba ya kira ni, ya ce in taho yanzu, jikinsa ya gaya masa. Na ce a ba ki wayar. Ya ce a'a, in kin ji za ki daina cin abinci, kuma kin sha wahala isasshiya. In ba ki yarda ba, wayarsa tana hannunki.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ban yarda ba, sai da na duba. Kiran yana nan.

Na tuna ranar. Ni ce na danna masa lambarka, don idonsa ba ya gani sosai. Da ta fara ƙara, sai ya ce in je in ɗora masa ruwan wanka, in ja ƙofar. Na ja.

Yayarka