Saƙonnin Da Kuke Aika Wa Marigayiya Binta

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya sayar mana da gida tun yana kan takarda, a arewacin Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Isiyaku, ɗan Nijeriya, mai gwajin jini a wani asibiti a nan birnin. Kwafin Larabci na wannan takarda yana wurin sakatarenka. Na fitar da ita da Hausa ne domin 'yan'uwana masu shirin shiga irin cinikin da na shiga.

Na farko. Shekara biyar ke nan, bayan na samu izinin mallakar gidan zama, ni da matata Binta muka zo ofishinku. Babu gini a lokacin, sai samfurinsa cikin akwatin gilashi. Mun daɗe muna haya a unguwar Dira, ɗaki biyu a saman shagon mai turare, tagarmu tana kallon bangon maƙwabta. Binta ta zaɓi hawa na huɗu, don a cewarta tana so ta riƙa girki tana ganin sama. Kuka ce makulli nan da shekara biyu. Da aka zo wurin lambar waya sai muka sa tata, saboda wayata a kabad take yini idan ina bakin aiki.

Na biyu. Ginin yana hawa na uku Binta ta kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. A nan Riyad muka binne ta. Bayan sati uku na kawo muku takardar shaidar rasuwa da hannuna. Ma'aikacinku ya yi mini ta'aziyya, ya zuba mini gahawa, ya ɗauki kwafi, ya rubuta lambata a bayan takardar, ya ce khalas, an gyara. Na yarda da shi.

Na uku. Wa'adin ya zo ya wuce, ban ji daga gare ku ba. Idan na kira, amsar ɗaya ce, saura kaɗan in sha Allah. Ban matsa ba, kuma wannan laifina ne. Zuciyata ba ta son duk abin da zai sa in buɗe fayil ɗin cinikin nan in ga sa hannunta. A watan jiya na daure na zo, na ce zan janye. Sai aka nuna mini sakin layin yarjejeniyarmu da ya ce idan an ɗage wa'adi za a sanar da mai saye, yana da wata guda ya janye, in ya yi shiru ya amince. Aka juyo mini da kwamfuta. Sau uku kun ɗage, sau uku kun aika saƙo, duk zuwa lambar Binta. A gaban kowanne an rubuta: ya isa, ba ta yi ƙorafi ba.

Ranka ya daɗe, yaya za ta yi ƙorafi?

Na huɗu. Tun da aka soke iƙamarta, wato izinin zamanta, na ɗauka layin ya mutu. Ranar da kuka nuna mini kwamfutar, a cikin mota a ƙofar ofishinku, da rana tsaka, na danna lambar. Ta shiga. Aka ɗauka. Muryar namiji ce, wani dattijo ɗan Yaman mai sayar da tumatir a kasuwar Aziziya, wanda aka sayar wa layin daga baya. Na je na same shi a rumfarsa. Ya buɗe mini saƙonnin, kowanne ya fara da sunanta, kuna ba ta haƙuri, kuna gode mata da fahimta. Ya ce bai goge ba ne don yana jin wata rana mai su za ta nema. Da na faɗa masa inda take, sai ya ajiye sikelinsa ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. Mutumin da bai taɓa ganinta ba.

Tun daga ranar ban dawo daidai ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai in tsinci kaina a gaban ginin. Yana nan tsaye ba ƙofa ba taga, rodi ya yi tsatsa, ba lebura ko ɗaya. A hawa na huɗu akwai wata baƙar leda da ta maƙale a jikin ginshiƙi, idan iska ta kaɗa ta sai ka ce mace ce ta leƙo cikin abaya. Na san leda ce. Amma nakan zauna ina kallo har la'asar.

Kwantiragina zai ƙare baɗi, shekaruna kuma sun kai inda ba a sabuntawa. Zan bar ta a ƙasar nan in koma gida. Ba na so in tafi takardunku suna cewa ta yi magana bayan an rufe ta.

Saboda haka ina roƙo. A soke amincewar nan uku da kuka rubuta da sunan mamaciya, a dawo mini da damata ta janyewa. A rubuto mini gaskiyar abin da ya tsayar da ginin, da sa hannunka. Duk lokacin da za ku ɗage wa mutum wa'adi, ku kira shi har sai kun ji muryarsa, ya zo ya sa hannu. Shiru ba amsa ba ce, wani shirun na kabari ne. Sannan, don girman Allah, ku cire lambar nan yau. Dattijon ya ce mini ranar Lahadi wani sabon saƙo ya sake shigowa, kuna taya ta murnar cewa aiki zai ci gaba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare iyalinka, Ya jiƙan naka da suka riga mu, Ya sa a bar su su huta.

Wassalam.

Isiyaku,
mijin marigayiya Binta,
Dira, Riyad.